Gambar da Kawu Yake Ƙullawa

Ranar Laraba da hantsi Mai abu ya karɓi abinsa. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma, mun faɗa mun sake faɗa, amma har yau in na bi ta ƙofar gidan Kawu sai na dubi gindin bangon da yake jingine kekensa. Wan mahaifiyata ne. Shi ne tsohon mai gadin dajin da jami'ar yankinmu ta keɓe don bincike, kuma duk wata turba da ɗalibai suke bi a dajin nan, daga duhuwar bakin rafi har filin gamba, addarsa ce ta sare ta. Sai guda ɗaya. Wannan tawa ce, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ban san yana da jama'a haka ba sai da aka shimfiɗa tabarmin makoki. Masu albasa sun zo daga Aliero cikin a-kori-kura, warin kayansu na biye da su. Wani mahauci daga Jega, ƙato mai muryar ganga, ya zauna yana share ido da hannun riga ba ya ko jin kunya. Ya ce wa na kusa da shi, "Bijimina yat tsinke yah hwaɗa dajin ga, kwana biyu ina nema. Tsohon ga yaj jawo shi da ƙahwa har Jega. Ko goro bai karɓa ba, sai hwaɗa da yay yi mani kan igiyata ruɓaɓɓa ta."

Can gefen tabarma wani tsohon Bafillace ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Da na je gaishe shi bai ce min ya haƙuri ba. Cewa ya yi, "Shekara da shekaru muna rigima da shi kan burtali. Yanzu da wa za ni yi?"

Farfesa, shugaban sashenmu, ya zo shi ma, ya cire takalmi ya zauna kusa da liman. Ya ce sun rubuta takardu da yawa a kan dajin nan, amma rabin abin da ke cikinsu daga bakin wannan bawan Allah suka ji shi. Liman ya gyara rawani ya ce, "To, Allah shi sa kun sa sunanai ciki." Mutane suka fara dariya, sai kuma suka tuna inda suke, kowa ya mayar da ita tari. Daga cikin gida ana jin kukan ɗalibai mata da suka zo cikin bas, sun fi wasu dangin kuka.

Kowa abu ɗaya yake maimaitawa, wai Kawu ya san daji. Ni ma na gyaɗa kai, ina ganin na san abin da suke nufi.

Ranar uku, bayan an shafa addu'a an watse, matarsa ta aika a kira ni. Inna muke ce mata. Ƙafafunta sun daɗe da gajiya, daga ɗaki sai tsakar gida. Na same ta a kan tabarma, carbi a hannu amma ba ta ja.

"Zamna," ta ce. Na zauna. "Ya gwada ma wurin?"

"Wane wuri, Inna?"

"Wurin ɗiyan."

Na san sun haihu kuma babu wanda ya rayu. A danginmu ba a tayar da zancen, ni kuwa a Maiyama na tashi, inda aka kai mahaifiyata aure, don haka duk zatona suna maƙabartar gari kamar kowa.

"Ba nan suke ba," in ji Inna. "Tungarmu ta da cikin dajinku take, kahin mu taso mu dawo gari. Huɗu munka bari can. Waɗanda sunka yi muna ginar kushewa duk sun bi su. Shi kaɗai yas san wurin. Kowace shekara in gamba ta hidda kai, sai shi tahi shi ƙulla musu, shi dawo shi ce mani, na gano su. Ni ba ni iya zuwa, amma in yac ce haka sai in samu barci. To bana ya ƙulla kahin shi kwanta. Baɗi hwa?"

Na san ƙullin gamban nan sarai, domin ni na taɓa sa aka yanke su. Kuma saura mako biyu mu sa wa filin gamba wutar da muke sa masa duk shekara da zarar ciyawa ta fara bushewa, don kada wutar rani ta zo ta cinye har da itatuwa. In wutar ta bi ta kan ƙullin bana, shi ke nan, babu sauran mai sanin inda 'ya'yan Inna suke. Na ce mata gobe da safe zan shiga dajin.

Kafin in faɗi abin da na tarar, bari in faɗi wane ne Kawu, don kada a ɗauka labarina nake bayarwa.

Gajere ne, baƙi, ƙafafunsa sun ɗan yi gwame. Jami'a ta ba shi kaki da manyan takalma, ya karɓa ya yi godiya, ya rataye takalman a ƙusa cikin bukkar gadi har zanzaro ya yi gida a ciki. Da takalmin taya ya yi aikinsa har ya mutu. Ba ya sauri. Ɗalibai su zo da igiyar awo da littattafai suna rawar ƙafa, shi yana gaba da adda a kafaɗa kamar mai zuwa gaisuwar surukai. "Ku taka sannu," haka yake ce musu, sau goma kafin a kai rafi. Yana cikin tafiya sai ya tsaya cak ya nuna ƙasa da bakin adda. Kai ba ka ga komai ba sai yashi. Shi kuwa zai gaya maka zomo ya wuce da asuba, guza ya bi bayansa, sannan mai satar icce ya ratsa, mai ɗingishi da ƙafar hagu, kuma gatarinsa ya dakushe, dubi yadda ya tauna reshen sabarar can.

Yakan tsaya ya saurari ɗalibai suna karanto sunayen itatuwa na boko, masu tsawo kamar addu'ar tafiya. In sun gama sai ya dafa bishiyar ya ce, "Sannunku da ƙoƙari. Ita dai taura sunanta, tun ba a haihi wanda yas sa mata wancan ba." Daga nan sai ya shiga gaya musu watan da take 'ya'ya, da tsuntsun da ke kwana a kanta, da ciwon da ɓawonta yake yi wa magani. Alƙalamai su yi ta gudu.

A gindin tsamiyar da turbobi suka haɗu ya binne randa har wuya, da moɗa a kai. Kullum da safe sai ya ɗauro jarkoki biyu a keke ya cika ta. Babu wanda ya sa shi. Makiyayi ya sha, ɗalibi ya sha, ɓarawon icce ma ya sha. Na taɓa ganin ya ƙwace gatarin wani mutum, ya wanke shi tas da faɗa, sannan ya miƙa masa moɗa ya ce, "Sha, na ga leɓenka ya bushe." Matan ƙauye kuwa sun san dokarsa, iccen da ya faɗi da kansa nasu ne, wanda ke tsaye kada ma su yi masa kallon sha'awa.

Yana da taurin kai, kada in ɓoye. In ya ce a'a, ko Farfesa sai dai ya sake dabara. Kuma ba ya bayani. Daga tsamiya zuwa fadama tafiya ce 'yar kaɗan in aka miƙe ta cikin filin gamba, amma turbar Kawu sai ta lanƙwasa kamar lauje ta zagaye filin kaf. Ɗalibai suka sa mata suna kwanar Baba, don Baba suke ce masa. Duk wanda ya tambaye shi dalili, amsa ɗaya ce: "Nan hanya tab bi."

Ni kuma ga yadda na shigo. Na gama karatun gandun daji na dawo Maiyama, shekara biyu ina zaune a gindin darbejiya ina gardamar ƙwallo. Wata rana Kawu ya zo, bai ko zauna ba, ya ce in sa riga mai kyau. Ya kai ni ofishin Farfesa. Mutumin da ban taɓa ganin ya durƙusa wa kowa ba sai a sallah, ranar nan ya cire hula ya durƙusa a kan siminti. Ya ce, "Ɗan ƙanwata na. Ya san takarda. Dajin ni za ni koya mai." Aka ɗauke ni. Cikin shekara uku na zama ni ne mai kula da turbobi, ga na'urar nuna wuri a hannu, ga hular rana. Wato na zama ogan Kawu. Shi ya fi kowa jin daɗin abin. In ya hango ni sai ya ƙame ya sara min da addarsa ya ce, "Ranka shi daɗe, Oga, an ƙoshi da tuwon Inna ko a ƙaro?" Leburori su yi ta dariya.

Nan ne kaina ya kumbura. Aka ce a gyara turbobi a kafa alluna saboda baƙi masu zuwa yawon ganin daji. Ni da kaina, ba wanda ya sa ni, na kawo shawarar a daina wahalar da mutane da kwanar Baba, a ja hanya miƙaƙƙiya daga tsamiya zuwa fadama a zuba mata burji. Aka ce na yi tunani.

Da muka shiga filin da leburori za mu ja layi, sai na ga gamba a ƙulle. Duk ɗan ƙauye ya san ma'anar wannan. In mutum ya ga gamba mai kyau tun ba ta ƙosa ba, sai ya tattara kawunanta ya ƙulla, wato an riga ka. Ba mai sa mata lauje, ba mai ratsawa ta wurin, ko makiyayi sai ya kaɗa shanunsa gefe. A ƙasarmu kuwa gamba ba abin wasa ba ce, da ita ake saƙa zana, da ita ake rufe rudu, rumfar da manoma ke adana albasa a ciki har ta yi daraja. Kuma na san dangin Inna manoman albasa ne. Nan take na haɗa lissafina na gama, na ce tsohon nan yana keɓe wa surukansa ciyawar jami'a.

Da na bari mun koma gida na tambaye shi a gindin bango, da wataƙila yau ba na wannan rubutu. A gaban leburori na tare shi.

"Kawu, wa ad da ƙullin ga?"

"Ni na."

"Wa kaka aje ma?"

"Masu wurin."

"Dajin ga ba na gado ba na, Kawu," na ce, har da ɗaga murya. "Ba don a ruhe rudun surukai anka keɓe shi ba."

Leburori suka sunkuyar da kai. Kawu ya dube ni ya daɗe, ya cire hularsa ya duba cikinta ya mayar. Sannan ya ce, "Ka gama?" Na ce na gama. Ya ce, "To hanyar ga da za ka ja, karkata ta kaɗan wajen gabas. Taku goma ya isa."

"Don mi?"

"Don na roƙe ka."

Na nuna masa na'ura, na ce layi ya riga ya fita, ba a lanƙwasa layi don roƙo. Na juya na ce wa leburori duk inda suka ga ƙulli su sare, ban ko tsaya na ƙirga ba. Kawu ya saɓa addarsa ya tafi. Mako guda bai zo aiki ba, abin da bai taɓa yi ba ko da zazzaɓi. Randa ta bushe. Kafin ya dawo tifa ta zuba burji, an daddaɓe, hanyata ta miƙe ja wur a tsakiyar fili, tana ba ni sha'awa. Ranar da ya dawo ya ce, "Oga, an tashi lahiya?" Bai sara min da adda ba. Daga ranar bai ƙara yi min wasan tuwon Inna ba.

Har yanzu ina jin haushinsa, Allah ya yafe min. Kalma ɗaya ta isa. Me ya hana shi ya ja ni gefe ya ce, 'ya'yana ne a nan? Na juya tambayar nan har na gaji. Na san mutanen zamaninsu da kunyar 'ya'ya, ba su kiran sunan ɗan fari yana raye balle ya mutu. Na san ya sha jin masu wa'azi suna hana yi wa kushewa alama, wataƙila ba ya son a ce tsoho ya ƙirƙiro wani abu. Wataƙila kuma ya ji tsoron in kafa wa wurin allo, baƙi su riƙa tsayawa suna ɗaukar hoto. Duk wannan zai yiwu. Amma gaskiyar da ta fi ci min rai ita ce, ban tambaye shi kamar ɗan ƙanwarsa ba. Na tambaye shi kamar wanda ya kama ɓarawo, a gaban mutane, shi kuma ba irin mutumin da zai wanke kansa da gawar 'ya'yansa ba ne.

Da damina ta zagayo na hango ya sake ƙulla gamba can wajen wata kirya, nesa da hanyata. Na kau da kai, na ce ba zan sake tayar da rigima a kan ciyawa ba, har ina ganin na yi masa alfarma. Shi kuwa bai taɓa taka hanyata a gabana ba. In aka ba shi ɗalibai, ta kwanar Baba yake bi da su, suna gunaguni yana cewa su taka sannu.

Abu ɗaya ya riƙa ɓata min hanyar. Wani dutse ne baƙi mai santsi, irin ɗan dutsen niƙa na da, wanda ya sha hannu har ya lafe. Kullum sai in same shi zaune a tsakiyar burjin. In shure shi gefe, bayan kwana biyu ya dawo. In jefa shi cikin ciyawa, ya dawo. Na ɗora wa makiyaya laifi. Wata rana a gindin tsamiya na ce duk ranar da na kama mai aza dutsen nan sai ya gane kurensa. Kawu yana cika randa, bai ɗago ba, ya ce, "Allah shi ba ka sa'a." Shekara huɗu muna wannan da dutsen.

Bana, gamba na fitar da kai, Kawu ya kwanta. Aka kai shi asibiti a Jega. A makon ne muka yi baƙi, na fita duba hanya na sake cin karo da dutsen, haushi ya kama ni, na ɗauke shi na yi tafiya da shi har bakin wani kwari na wurga. Bai dawo ba. Har daɗi na ji, na ce makiyayan sun yi gaba.

Na je duba Kawu ranar kasuwar Jega, saboda dama ina da sayayya. Ya rame, hannunsa ya zama kamar kara. Ya kama wuyan hannuna ya ce, "In na tashi, akwai abin da za ni gwada ma cikin dajin ga. Na bari ya daɗe." Na ce, "Allah shi tashe ka, Kawu, ba sauri." Wayata ta yi ƙara, na fita amsawa, da na dawo ya yi barci. Ban tashe shi ba. Kwana shida bayan nan aka kira ni.

To, washegarin maganata da Inna na shiga dajin ni kaɗai, na bar na'ura a ofis. Na bi ta duhuwar bakin rafi inda kanya da marke suka haɗa kai, fakara na tashi a gabana. Na wuce tsamiya, randa babu ruwa, ganye ya cika moɗa. Na kama kwanar Baba, karo na farko cikin shekara huɗu. Sai a ranar idona ya ga abin da turbar take zagayewa. Ga ɓaraguzan tukwane a cikin ciyawa, ga wani tudu-tudu inda bango ya taɓa tsayawa, ga kuka guda wadda ba ta fita a wuri sai inda mutane suka zauna. Kufai ne. Na yi shekara bakwai ina auna dajin nan ban gan shi ba.

A gindin kirya na same su. Gamba ta fi ni tsawo, ta fara ja, ga ƙulli uku a jere. Ƙullin bana ba shi da ƙarfi, ɗaya har ya fara warwarewa, daga gani hannun da ya yi shi ya riga ya gaji. Na ɗaure shi. Na tsuguna na yi musu addu'a, 'yan'uwana da ban taɓa sanin suna kusa da ni haka ba. Na share ciyawa da fartanya na kewaye wurin don wuta, na jera duwatsu. Sannan na shiga neman na huɗu. Na bi kufan nan gaba da baya har rana ta take, ƙarangiya ta cika min wando, ban ga komai ba.

Na koma wurin Inna bayan la'asar. Na ce na same su a gindin kirya, suna cikin inuwa, na kewaye su.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Waɗannan su na na shekarar ciwo, mako guda sunka tahi su uku. Babban hwa?"

"Uku nig gani, Inna."

"Ai shi ba shi tare da su. Shi tun da hwari yat tahi, bai kai yaye ba, bayan ɗakina anka sa shi." Ta dafa goshi. "Au, na manta. Shi ba gamba gare shi ba yanzu. Kawunka ya ce mani shekarun ga haki ya daina hitowa wurin, ya zama hwaƙo. Sai ya aza mai ɗan dutsen niƙana da nib bari kuhwai. Baƙi na, mai santsi. Ba ka gane shi ba?"

Wato abin da ya gaya mata ke nan, ciyawa ta daina fitowa. Shekara huɗu yana dawowa gida yana ce mata na gano su, yana cin tuwo tare da ni a tsakar gidan nan, bai taɓa gaya mata cewa ɗan ƙanwarsa ne ya zuba burji a kan ɗanta na fari ba. Ya bar ta tana sa min albarka.

Na yi niyyar in ce zan sake dubawa gobe. Bakina ya ƙi. Na gaya mata duka, tun daga ƙullin da na sa aka sare, da taku goman da ya roƙe ni, har kwarin da na wurga dutsen. Ta saurara ba ta katse ni ba. Carbin ya zame daga hannunta bai dame ta ba.

"Mutane na bi ta kai?" ta ce.

"Suna bi, Inna."

"Kai ma?"

"Kullum."

"Ka san daidai inda dutsen yake zama?"

Wannan ita ce tambayar da nake tsoro. Hanyata miƙaƙƙiya ce, ko'ina iri ɗaya, gamba dama gamba hagu. Na san tsakanin wani suri ne da wani marke, amma tsakaninsu ya fi taku sittin. Sau nawa na shure dutsen nan, ban taɓa ɗaga kai na dubi inda nake tsaye ba. Na ce mata ban sani ba.

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ta dubi ƙofar ɗaki ta ga ba kowa, sannan ta matso ta faɗi wani suna a hankali. Ban taɓa jin sa a bakinta ba, kuma na tabbata Kawu ma bai taɓa jin ta furta shi ba. Ba zan rubuta shi a nan ba.

"Sunanai ke nan," ta ce. "Tunda wurin ya ɓace, riƙe wannan. Kada shi ma ka yar."

Na je na gaya wa Farfesa, bai yi min dogon zance ba, ya ce in yi abin da ya dace. Na toshe hanyata da ƙaya gaba da baya, na cire allonta, na sake share kwanar Baba. Ɗalibai suna gunaguni kamar da. Na koma cika randa, ko da yake ni a babur nake kawo jarkokin, kuma na san da yana nan sai ya yi min tsiya a kan haka. An sa wutar bana, ta tsaya a inda na share, ukun gindin kirya suna nan. In Allah ya kai mu gamba ta fitar da kai, ni zan ƙulla, in dawo in gaya wa Inna. Abin da ban sani ba shi ne ko zan iya ce mata na gano su, alhali uku na gano.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya shayar da shi kamar yadda ya shayar da masu wucewa, ya haɗa shi da 'ya'yansa su huɗu a inda ba a bukatar alama. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, in da saura ya sa ni.

Dutsen kuwa na sauka kwarin na nemo shi, kwana biyu ina tonon yashi kafin in same shi. Na ɗauko shi na tsallake ƙayar da na sa, na tsaya a bakin surin, na dubi burjin nan har zuwa marke. Na yi taku uku na tsaya, don ban san a kan me zan sa ƙafa ta huɗu ba. Na juyo da shi. Yana nan a bukkar gadi, ƙarƙashin takalman Kawu, ban san inda zan aza shi ba.